Ƙaramin Jirgi a Baƙon Fili: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hatsarin Sauka

Da zarar shinkafa ta fara nuna a fadamun Argungu, Suru da Bagudo, jan-baki kuma ya taso, kunnen mutanen Kebbi ya saba da kukan jirgin feshi yana shawagi ƙasa-ƙasa. In guguwar siyasa ta kaɗa kuwa, jiragen shata ne ke ta sauke manya a Birnin Kebbi da Gusau, wani matuƙin ma ranar ce ya fara ganin garin da idonsa. Ni aikina a ƙasa yake, a gefen titin jirgi, shi ya sa duk majalisar da na zauna sai an jefo mini tambaya, musamman ranar da rediyo ya ce wani jirgi ya zame daga titi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nakan bayar in an bar ni na kai aya.

Idan an ce ƙaramin jirgi, wanne ake nufi? Shi kuma baƙon fili fa?

Ana nufin irin su Cessna 172 mai kujera huɗu, wanda da shi ɗalibai da yawa a duniya ke fara koyon tuƙi, da Cessna 208 Caravan mai inji ɗaya da ke kwasar mutum tara zuwa sama, da King Air mai inji biyu, da jiragen feshin gona. Abin da ya haɗa su shi ne suna iya sauka inda manya ba sa iyawa, kuma a nan gizo ke saƙar. Jirgin alhazai ba ya zuwa sai inda aka tanadar masa komai: hasumiya, 'yan kwana-kwana, fitilu, masu duba yanayi. Ƙarami kuwa sai a tura shi tsohon filin da rabon a share shi tun zaɓen da ya wuce.

Baƙon fili ba lalle ne ya zama na ƙauye ba. Filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, wanda aka gina zamanin Gwamna Sa'idu Ɗakingari, kuma daga cikinsa aka ƙaddamar da jigilar alhazan Nijeriya ta 2024, baƙo ne ga matuƙin da bai taɓa sa taya a kansa ba. Filin da ka sani da rani ma yana iya zame maka baƙo a watan Agusta, in ciyawa ta rufe gefensa, ruwa ya kwanta a tsakiyarsa.

Me ya sa hatsarin ya fi yawa wajen sauka?

Domin a nan ne jirgi ya fi kusa da ƙasa, gudunsa ya fi raguwa, aikin matuƙi kuma ya fi yawa, duk a lokaci guda. A can sama in ka yi kuskure kana da sarari da lokacin gyara. A ƙafa hamsin ba ka da ko ɗaya. Abin da ya kamata a ƙara sani: akasarin hatsarin sauka na ƙananan jirage ba ya cin rai. Taya ce ke karyewa, farfela ta daki ƙasa, jirgi ya zarce ƙarshen titi ya shiga gona. Waɗanda ke kisa su ne na kafin a kai titin, inda aka daki dutse, itace ko waya, ko kuma jirgi ya rasa gudu ya sulmiyo yana cikin juyawa.

To ai titi titi ne. Wanda ya yi karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya sauka sau dubu, me zai ruɗe shi?

Idonsa. Ka taɓa hawa matakalar baƙon gida cikin duhu, ka ɗaga ƙafa inda babu mataki? To haka abin yake. Matuƙi yana auna nisansa da ƙasa ne da siffar titin da idonsa ya saba gani. Wanda kullum yake sauka a titi mai faɗin mita 45, irin na manyan filaye, in ya fuskanci ɗan siriri mai mita 18 ko 20, ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauki sirantar a matsayin nisa. Sai ya ji kamar ya yi sama da yawa, ya ƙara sunkuyar da jirgi, alhali daidai yake tun farko. Ƙarshenta ya shafi shinge ko kan bishiya, ko ya dira kafin bakin titi. Wanda ya saba da siriri kuma ya zo mai faɗi, akasin haka zai same shi: zai ji ƙasa ta iso tun da saura, ya ɗaga hancin jirgi da wuri, jirgin ya faɗo tim kamar buhun masara.

Gangara ma haka. Titin da ya ɗan haura yana sa ka ji ka yi sama, wanda ya gangara yana sa ka ji ka yi ƙasa, kuma in ka sauka a kansa birki ba ya cin yadda ka saba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nufin matuƙin bai iya ba. Idon ɗan Adam ne haka, na gwani da na ɗan koyo.

A manyan filaye akwai fitilu huɗu a jere a gefen titi da ke raba wannan gardama. In ka ga biyu farare biyu jajaye, kana kan hanyar da ta dace, wadda gangararta digiri 3 ce. Fari ya yi yawa, ka yi sama. Ja ya yi yawa, ka yi ƙasa. Ƙananan filaye da yawa ba su da su, sai ido da lissafi.

Yaya ake sanin titi zai ishi jirgi?

Kowane jirgi yana da littafinsa daga kamfanin da ya ƙera shi, a ciki akwai jadawalin tsawon da yake buƙata. Mu ɗauki Cessna 172. A yanayi mai sanyi, a bakin teku, a kan kwalta busasshiya, ba iska, yana buƙatar kimanin mita 400 daga inda ya tsallake abu mai tsayin ƙafa 50 zuwa inda zai tsaya cak. Mai jin wannan zai ce to titi mai mita 700 ai har da canji. Bari mu ga yadda canjin ke zurarewa.

Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, don ita ke rage masa gudu a ƙasa. In matuƙi ya kuskure ya bar ta a bayansa, littafin nan ya ce duk ƙarin kilomita huɗu a awa na iskar baya, a ƙara kashi 10 cikin 100 na tsawon. Iskar da ba ta wuce ta kaɗa maka babbar riga ba, a ce kilomita 18 a awa, ta mayar da 400 ɗin nan kusan 600 ke nan. In titin ciyawa ce busasshiya, a ƙara wajen mita 80. Jiƙaƙƙiya ta fi haka, domin taya sulɓi take a kanta. In ya shigo da gudun da ya zarce ƙa'ida da kashi 10 cikin 100, tsawon yana ƙaruwa da kusan kashi 20. In ya tsallako bakin titi ya fi ƙa'ida tsayi da ƙafa 50 kacal, ya yi asarar kusan mita 300 kafin tayarsa ta taɓa ƙasa. In biyu ko uku daga cikin waɗannan suka haɗu, gonar da ke ƙarshen titi na iya yin baƙo.

Kuma a tuna, lambobin littafi gwanin matuƙi ne ya samo su da sabon jirgi. Shi ya sa masu hankali ke ƙara rabin abin da lissafi ya ba su, in titin bai kai ba su haƙura.

Wani abu da baƙo kan manta a yankinmu: iskarmu tana juyawa da shekara. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Lambobin da ake rubutawa a bakin titi, a ce 06 a nan 24 a can, alƙiblar kamfas suke nunawa, kuma bakin da ka shiga ta nan a Janairu mai yiwuwa ba shi ne na Yuli ba. Wanda ya dogara da "ai bara ta nan na sauka" bai duba buhun iskar nan mai kama da hannun riga da ke kan sanda ba, ya riga ya fara ci daga cikin canjinsa. In ma buhun ya yage ko babu shi, hayaƙin ƙonar gona da ƙurar garken shanu suna faɗin inda iska ta nufa.

Zafin bazara yana da wani tasiri?

Ƙwarai. Iska mai zafi sakayau take, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai. Littattafan jirgi suna ɗauka zafi digiri 15 ne a bakin teku, yana raguwa da biyu duk ƙafa 1,000. Gusau tana kan ƙafa 1,500 ko kusa da haka, wato a lissafinsu zafinta 12 ne. A Afrilu kuwa 40 ba labari ba ne. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, jirgi yana ji kamar an ɗaga filin da ƙafa 120. Ka ninka 28 sau 120, ka haɗa da 1,500, za ka tashi da kusan ƙafa 4,900. Wato da azahar ɗin bazara jirgin da ke sauka Gusau yana ji kamar yana wurin da ya fi filin Jos tudu. Agogon gudu zai nuna wa matuƙi abin da ya saba gani, amma a ƙasa jirgin ya fi gudu, birki kuma ya fi shan wahala. Tashi ma ya fi sauka muni a irin wannan zafi. Filin da ya karɓe ka da sanyin safiya ba lalle ne ya sallame ka da tsakar rana ba, balle in an ƙara maka fasinja biyu da buhun shinkafar tsaraba.

Hazo fa? Mu dai muna ganin jirgin a sama, me zai hana shi ya gan mu?

Yana ganinku in yana bisa kanku, domin hazon da ke tsakaninku kai-tsaye ba shi da kauri. Amma sauka ba daga bisa kai ake yin ta ba, daga nesa ake gangarowa, kuma a karkace ido sai ya ratsa hazo mai yawan gaske. Sai matuƙi ya ga fili sarai yana zagayawa, da ya daidaita zai shigo, komai ya koma fari fat. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙa'idar tuƙi da ido tana son a iya hangen kilomita biyar, hazon Disamba da Janairu kuwa yakan mayar da shi ƙasa da ɗaya. In aka haɗa da ranar la'asar sakaliya tana dukan gilashi ga mai fuskantar yamma, ko alamar titi ba ya gani.

Akwai kuma ƙurar da jirgin ke tayarwa da kansa, wadda ta fi damun mai saukar ungulu. Ranar 2 ga Fabrairun 2019, jirgin da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya zo sauka a filin wasa na Kabba a Jihar Kogi. Dab da ƙasa ƙura ta turnuƙe, matuƙa suka daina ganin inda suke, jirgin ya daki ƙasa ya kwanta ta gefe. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Ka dubi filayen ƙwallo da na Idi a Anka, Zuru ko Kamba da rani, ka gaya mini wanne ne bai fi wannan ƙura ba. Tankar ruwa guda da aka yayyafa kafin baƙo ya iso ta fi kujerun roba ɗari amfani.

Da damina kuma?

Hadarin farkon damina, na Mayu da Yuni, yana zuwa da iska mai juyawa farat ɗaya. Wadda ke gabanka yanzu, cikin daƙiƙu ta koma bayanka, ko ta danno ka ƙasa. Cessna 172 an gwada shi ne da iskar gefe da ba ta wuce kilomita 28 a awa ba, gaban hadari kuwa yana ninka wannan ba tare da sallama ba. Ranar 21 ga Mayun 2021, jirgin sojan sama ƙirar King Air da ke ɗauke da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna cikin mummunan yanayi, bayan an karkatar da shi daga filin sojoji. Mutum 11 suka rasu. Allah Ya jiƙan su.

Bayan ruwa ya ɗauke, sauran rina a kaba. Jar ƙasa takan bushe a sama, ƙarƙashinta taɓo. Tayar gaba ta lume, jirgi ya kifa. Gara kuma tana iya gina suri a tsakiyar titin da ba a kula da shi cikin 'yan makonni, ciyawa ta ɓoye shi.

Me ya sa ake cewa wasu filayen ba a sauka bayan faɗuwar rana?

Saboda ba su da fitilun titi, ko suna da su ba a tanadi ma'aikatan dare ba. Kuma a nan wajenmu tsakanin faɗuwar rana da duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba: ladan ya kira magariba, kafin a gama nafila gari ya rufe. Filin da ke kewaye da daji babu ko fitila ɗaya yana jawo matuƙi ya yi ƙasa ba tare da ya sani ba, domin ido ba shi da abin da zai auna da shi.

Ranar 25 ga Oktoban 2012, Gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, ya tuƙo Cessna Caravan da kansa daga Jalingo zuwa Yola, ya faɗi kafin ya kai fili. Rahoton masu bincike ya ambaci tafiyar da ake yi da ido bayan rana ta faɗi, da kuma cewa ba shi da shaidar tuƙa wannan nau'in jirgin. Ya tsira da munanan raunuka, bai ƙara komawa daidai ba har ya rasu a 2017.

Yanzu ai akwai na'urar tauraron ɗan Adam, ko waya ma tana nuna hanya. Bai wadatar ba?

Na'urar tana gaya maka inda filin yake. Ba ta gaya maka an kafa sabon ƙarfen sabis a bakinsa watan jiya, ko wayar lantarki ta ratsa ta gabas, ko manomi ya ci rabin titin da gero. Babbar wayar wuta irin wadda ta taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga sama turakunta ake hange, ita kanta wayar ba a gani sai an zo kanta. Duwatsu irin na Kwatarkwashi a gabashin Gusau, ko tuddan ƙasar Zuru, kowane yaro a wurin ya san su, amma baƙo makahon gari ne.

A Maris na 2008 wani jirgi ƙirar Beechcraft 1900 ya tashi daga Legas da ma'aikata uku, za shi ƙaramin filin Bebi kusa da Obudu. Ya ɓace. Sai bayan wata biyar da 'yan kai mafarauta suka tsinci tarkacensa a cikin duwatsu. Fili ne da ake shiga da ido, aka tunkare shi cikin gajimare, a yankin da matuƙan ba su saba da shi ba.

Abin da ke rufe wannan giɓi tsohon abu ne: tambaya. A kira wanda ya taka filin da ƙafarsa a ranar, a karanta sanarwar da NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Nijeriya, ke fitarwa ga matuƙa, a nemi hasashen hukumar yanayi ta NiMet, in an iso kuma a fara wucewa ta bisa titin a duba shi kafin a sauka.

Mun ga jirgi ya taho har ya kusa taɓa ƙasa, sai ya ƙara wuta ya sake tashi. Matsala ce ta same shi?

A'a. Abin da kuka gani shi ne mafi kyawun abin da ke cikin aikin tuƙi, kuma a ganina duk maganar da muke yi nan ta tattaru. Dabarar da ake koya wa kowane ɗalibi ce tun makonnin farko: in saukar ba ta yi kyau ba, ka fasa, ka zagayo. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce in ka sauko ƙafa 500 a yanayi mai haske, gudunka bai daidaita ba, ko ba ka miƙe da titi ba, ko kana gangarowa da sauri, to ka fasa. Da yawa kuma sukan zaɓi alama a gefen titi, a ce kashi ɗaya cikin uku na farko, su ƙudurta cewa in taya ba ta taɓa ƙasa kafin nan ba, sai sama.

Duk abubuwan da na lissafo, sirantar titi, iskar baya, hazo, jaki a tsakiyar hanya, kusan kowanne yana ba matuƙi daƙiƙu kaɗan da zai iya cewa na fasa. Minti biyar da ɗan mai ne kuɗinta. Amma mutane ba sa son yi. Akwai kunya, kada a ce bai iya ba. Akwai gajiya, ga gida ana gani. Akwai wannan halin na ɗan Adam, in ya sa abu a gaba ya kusa kammalawa, sai ya riƙa ganin duk wata alamar gargaɗi ƙarama ce. Akwai kuma wanda ya taho da mai daidai wa daida, ya rufe wa kansa ƙofar fasawa tun kafin ya tashi, alhali ko da rana tsaka ana son ya iso da ragowar na aƙalla rabin awa.

Don haka in kuka ga jirgi ya fasa, kada ku ce matuƙin ɗan koyo ne. Ni shi nake so ya ɗauke ni.

Ana cewa manyan mutane na matsa wa matuƙa. Gaskiya ne?

Ba kasafai babban mutumin da kansa ke buɗe baki ba. Na kusa da shi ne. "Kyaftin, mai martaba ya fito tun ɗazu, jama'a na cikin rana." "Kyaftin, yallaɓai dole ya kwana Abuja yau." An shirya tashi ƙarfe uku, jawabai suka ja, aka yi la'asar, aka ci abinci, sai biyar da rabi aka iso fili, sannan a dubi matuƙi a ce ya yi dabara. Shi kuma yana tunanin kamfaninsa da kwangilar gobe.

A dokar jiragen sama ta duniya, wadda NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, ke aiwatarwa a nan, maganar matuƙi ce ta ƙarshe a kan jirginsa, ko wa ya ɗauko. Amma doka a takarda take, shi kuwa gaban mutum yake tsaye. Wanda zai iya sauƙaƙa masa shi ne mai shirya tafiyar. Ka tambaye shi tun da safe ƙarfe nawa ne ƙarshen lokacin tashi, ka rubuta, ka gaya wa mai gida: "Ranka ya daɗe, in mun wuce kaza, sai mota ko kwana." Ka tanadi motar kuwa da gaske. Bikin kamun kifi na Argungu yakan faɗo ne a ƙarshen hunturu, lokacin da hazo bai gama tafiya ba, duk mai gayyato baƙi ta sama ya sa wannan a lissafinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu mutanen gari, ina ruwanmu a ciki?

Ruwanku har wuya. Wata shekara, lokacin feshin jan-baki, muna jiran jirgi a wani ɗan fili kusa da fadama. Da sassafe na taka shi daga wannan baki zuwa wancan, ba komai. Kafin hantsi wata baiwar Allah ta shimfiɗa shanyar shinkafa a can ƙarshen, inda ɗan tudu ya kare mana gani, ta aza duwatsu a gefen tamfol don iska. Matuƙin ya wuce ta bisa ya duba, ya ƙi sauka, ya yi ta zagaye har muka gane. Da na je na ce, "Inna, jirgi zai sauka nan," sai ta ce ai shekara uku tana shanya a wurin ba ta taɓa ganin jirgi ba. Gaskiyarta. Laifin namu ne da ba mu je wajen mai unguwa an yi shela ba.

Shanu da awaki, 'yan kabu-kabu masu yanke hanya, yara masu ƙwallo, duk haka ne. Juji ko mahauta kusa da fili suna tara shirwa da ungulu, garke kuma yana jawo balbela, tsuntsu ɗaya kuwa ya isa ya fasa gilashin ƙaramin jirgi. In an ce baƙo zai sauka, a tsaya nesa da titi, musamman bakinsa biyu, kada a ruga sai farfela ta tsaya cak.

Ni fasinja ne. Akwai abin da zan iya yi?

Ka faɗi gaskiyar nauyin kayanka. Ka ɗaure bel tamau, har na kafaɗa in akwai. Ka tambayi yadda ake buɗe ƙofa tun kafin a tashi. In an fara gangarowa ka yi shiru, sai fa in ka hango dabba, waya ko wani jirgi, wannan kam ka faɗa da ƙarfi. In matuƙi ya ce za a koma, ka ce masa madalla.

Sabon filin Gusau zai magance wannan?

Zai rage da yawa. Shekara da shekaru Gusau ɗan tsohon fili gare ta, alhazan Zamfara ta Sakkwato suke tashi, sai a 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin sabon fili. Dogon titi da fitilu da hasumiya suna kawar da rabin abin da na lissafa. Ba sa kawar da hazo, zafin Afrilu, ko mai cewa yallaɓai na sauri.

In jirgi ya faɗi ko ya yi saukar dole kusa da ƙauyenmu, me ya kamata mu yi?

Na san halin da ake ciki. Tun kafin Maris na 2021, lokacin da gwamnatin Buhari ta hana shawagin jirage a samaniyar Zamfara, jirgin da ya sauka a daji abin zargi ne a idon mutane. Duk da haka, wanda injinsa ya mutu ya nemi gona ya sauka mai neman taimako ne. A sanar da hakimi da jami'an tsaro, a kira 112, a bar musu tantancewa. Kada a ɗauki doka a hannu.

Wajen ceto, a tunkari jirgin ta inda iska ke fitowa, don hayaƙi da wuta su yi gaba. Ba taba, ba ashana. Man ƙananan jirage masu injin fistan fetur ne mai saurin kamawa. Kada a taɓa farfela ko inji a kashe yake, juya ta da hannu na iya tayar da shi. Wanda ya ji rauni a wuya ko baya kada a finciko shi sai in wuta ta tilasta, a tallafe kansa da wuyansa su tafi tare. In jirgin feshi ne, maganin da ke cikinsa guba ne mai shiga ta fata: a nisanci abin da ya zube, a kore yara da dabbobi, wanda ya taɓa ya tuɓe kayan ya wanke jiki da sabulu ya tafi asibiti. Tsuntsun da feshi ya kashe ma ba na miya ba ne, ko da yake na san wannan maganar ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

Wa ke binciken hatsari, kuma me suke nema?

Hukumar binciken hatsari ta ƙasa, NSIB, wadda kafin 2022 ake kira AIB. Bisa tsarin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ana fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma ana son ya fito cikin shekara guda in ya yiwu. Aikinsu gano dalili ne don kada a maimaita, ba ɗora laifi ba, kuma suna wallafa rahotannin kowa ya karanta.

Ƙananan jirage da yawa ba su da baƙin akwatin nan da ake ji a labarai. Shaidar mai bincike a ƙasa take: sawun taya da ke nuna inda jirgi ya fara dira da inda birki ya kama, yadda farfela ta lanƙwashe, wanda ke nuna ko inji na aiki lokacin da ta daki ƙasa, reshen da ya karye, ragowar man da ke tanki. Taron 'yan kallo na awa ɗaya yana share sawun nan kaf, ɗan gwangwan kuma ya tafi da guntun ƙarfen da amsar ke jikinsa. A kewaye wurin da igiya, a sa 'yan banga su tsare. Wanda ya ɗauki bidiyo da waya, kafin ya ɗora a Facebook ya adana na asalin, za a buƙace shi. Wanda kuma ya gani da ido, ya samu takarda tun a ranar ya rubuta ƙarfe nawa ne, ta wace kusurwa jirgin ya ɓullo, ina iska ke kaɗawa, sau nawa ya zagaya, da kuma ko kukan injin ya canza kafin ya taɓa ƙasa.